Ƙorafi Kan Na'urar Ƙara da Aka Kunna wa 'Yata a Filin Rabon Nama

Bismillahir Rahmanir Rahim

Zuwa ga:
Mai Girma Umda (Mai Unguwa),
Shaihu Mukhtaru ɗan Aminullahi Hausawi,
Ka'akiyya, Makkatul Mukarrama.
Ta hannun Malam Labaran, magatakardan ofis.

Daga:
Abdulbaƙi Kabo,
mai gadin gidan saukar alhazai a Aziziyya,
mazaunin layi na uku bayan masallacin unguwa, Ka'akiyya.

Kwanan wata: Lahadi, 8 ga Muharram 1438 (9 ga Oktoba 2016)

Game da: Na'urar ƙara da 'yan sanda suka kunna wa jama'a a filin rabon naman hadaya ranar 20 ga Zulhajji, cutarwar da ta yi wa 'yata, da haɗarin da ke tafe ranar Alhamis mai zuwa.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, zan sa gargaɗi gaba da gaisuwa, domin kwana huɗu kacal ya rage. Ranar Alhamis 12 ga Muharram motar sanyi za ta dawo filin bayan masallaci don rabon nama karo na biyu. Idan aka bar filin yadda yake, aka sake kawo na'urar nan aka kunna ta kamar wancan karon, ina tsoron ba kunne kaɗai za a rasa ba, rai za a rasa. Ban faɗi haka don tayar da hankali ba. Na zauna na auna abin da na gani da abin da na ji, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bayan haka, ina miƙa gaisuwa da ban girma, tare da addu'ar Allah ya ƙara wa Umda lafiya, ya kare shi da iyalinsa, ya taimake shi kan nauyin unguwar nan. Na rubuta da Hausa ne saboda Larabcina na kasuwa ne da bakin ƙofa, bai kai na takarda ba. Malam Labaran ya yi mini alkawarin zai karanta maka, ya kuma juya ta zuwa Larabci idan ka ga ya dace a tura ta gaba.

Shekarata ashirin da biyu a wannan gari mai alfarma. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana da rai, kwafinta na haɗe da wannan takarda. Ba a taɓa kirana markaz, wato ofishin 'yan sanda, kan wani laifi ba. Ban kuma rubuta don ɓata aikin jami'an tsaro ba. Na san abin da cunkoso yake yi. Bara, bayan turmutsitsin da aka yi a Mina, ni da hannuna na tattara jakunkunan alhazan gidanmu da suka fita ba su dawo ba, na ɗaure su, na rubuta suna a kan kowace. Wanda ya yi wannan aiki ba zai ce a bar taro ba mai tsawatarwa ba. Abin da nake tambaya shi ne iyaka.

Ga ƙorafina daki-daki.

Na ɗaya: abin da ya faru.

Ina sanar da Umda cewa ba na wurin, ina bakin aikina a Aziziyya. Abin da zan faɗa na samo shi ne daga matata Batulu, da maƙwabciyarmu Hure, da ita yarinyar daga baya.

'Yata Amatullahi shekararta goma sha tara. Ba ta gani tun tana shekara huɗu, ƙyanda ce ta tafi da idanunta. Ƙungiyar da ke rabon naman tana ba gidan da ke da mai lalura fifiko, amma sharaɗinta shi ne a zo da mai lalurar a gan shi kafin a buga wa kati hatimi. Don haka ranar Alhamis 20 ga Zulhajji 1437, wajen ƙarfe tara na safe, Batulu ta riƙo hannunta suka je filin. Da ta ga layin mata ya yi tsawo, ana ta turereniya, sai ta kai ta gindin ƙarfen fitilar titi da ke gefen motar sanyi, inda akwai ɗan inuwa, ta ce ta jira ta a nan har layi ya zo kanta.

Wajen ƙarfe goma saura, aka ce naman ya kusa ƙarewa. Layi ya watse, mata suka yi kan ƙofar motar. Masu rabo suka rufe ƙofa suka kira 'yan sanda. Mota ɗaya ta zo, a samanta akwai wani abu mai launin toka kamar babban faranti, wanda mutum yake juyawa da hannu. An yi magana ta lasifika sau ɗaya, amma Hure ta ce a cikin hayaniyar nan ko ita da aka haifa a nan ba ta kama kalma ɗaya ba. Ba a jira ba, sai aka saki ƙarar. Batulu ta ce ba jiniya ba ce irin wadda muka saba. Ta ce abu ne mai shiga haƙori. Kowa ya saki abin da ke hannunsa ya toshe kunne ya gudu. Taro ya kwashe Batulu ya yi gaba da ita, tana son juyowa ba hali.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba.

Na biyu: dalilin da ya sa ba ta gudu ba.

Ranka ya daɗe, nan ne alƙalami ya fi yi mini nauyi, domin da hannuna a ciki. Duk wanda ya raini yaro a garin nan ya san dokar taro da muke koya wa 'ya'yanmu, cewa in ka ɓata ka tsaya inda kake. Ni na tsananta wa Amatullahi wannan doka fiye da kowa, saboda halin da take ciki. Tun tana ƙarama, duk ranar da za mu shiga Harami, sai na sa ta maimaita: idan hannunta ya kuɓuce daga nawa, ta laluɓi ƙarfe ko ginshiƙi mafi kusa, ta riƙe da hannu biyu, kada ta saki, kada ta matsa ko me ta ji, sai ta ji muryata ko ta mahaifiyarta. Sau uku wannan doka ta dawo mana da ita lafiya, sau biyu a watan azumi, sau ɗaya a tashar mota.

Ranar nan ma dokar ta bi. Ta rungume ƙarfen da hannu biyu. Hannu biyun da kowa ya toshe kunnensa da su, ita suna kan ƙarfe.

Tana sanye da niƙabi kamar sauran mata, sandarta mai naɗewa tana cikin jaka. Wanda ke kan motar ba yadda zai san makauniya ce. Abin da ya gani shi ne filin ya watse, mace ɗaya ta ƙi motsi. Hure, wadda ta laɓe bayan motar sanyi, ta rantse mini cewa ta ga an juyo da farantin ya fuskanci ƙarfen sosai, aka tsayar, aka sake kunnawa, har sau uku. Ina kyautata zaton ya ɗauka taurin kai ne. Amma ba wanda ya sauko ya taka zuwa wurinta ya tambaya.

Washegari bayan sallar Juma'a na je da abin awona na aiki. Sawun tayar motar yana nan a kan ƙasa. Daga sawun zuwa ƙarfen mita bakwai ne da ɗan kai.

Bayan an kashe na'urar, Batulu ta dawo a guje tana kiran sunanta. Yarinyar ba ta amsa ba. Ta kama ta za ta janye ta, yarinyar ta ƙi sakin ƙarfen, tana fizgewa, domin muryar da aka ce ta jira ba ta iso kunnenta ba. Sai da Batulu ta kama yatsun yarinyar ta ɗora su kan tabon ƙunar da ke bayan hannun ita Batulun, sannan ta gane uwarta ce, ta saki. Akwai jini a cikin hijabinta ta gefen hagu.

Na uku: halin da take ciki yanzu.

Ranar Asabar 22 ga Zulhajji na kai ta wurin likitar kunne, Dakta Dalal, aka yi mata gwajin ji. Takardar gwajin tana haɗe. Likita ta ce dodon kunnen hagu ya fashe, kuma abin da ya fi damunta ba shi ba ne, jijiyar ji ce ta ciki. Kunnen hagu yanzu ba ya ɗaukar komai. Na dama yana ji kaɗan, amma akwai ƙugi a cikinsa wanda yarinyar ta ce kamar injin jan ruwa ne da aka manta ba a kashe ba.

Ina roƙon Umda ya dubi abin da kunne yake ga wanda ba shi da ido. Shekara goma sha ɗaya muna gidan da muke ciki, ban taɓa ganin ta yi karo da bango ba. Ta san takuna tun daga bakin layi. Da ƙarar firiji take gane inda ƙofar kicin take, da kiran sallar masallacinmu take daidaita alƙibla. Tana da izu arba'in a ka, 'yan matan layinmu su shida suna zuwa bayan la'asar su yi mata karatu tana gyara musu. Yanzu a kwana goma sha bakwai sau biyu ta fasa goshi a bakin ƙofar ɗakinta. Idan na yi mata magana daga hagu, dama take juyawa. Uwarta ce ke shimfiɗa mata sallaya ta juya mata kafaɗa. 'Yan matan sun zo sau ɗaya, ta saurara, ta ce su tafi, ba za ta ɗauki alhakin gyaran da ba ta tabbatar ba. Tun ranar ba ta taka waje ba sai zuwa asibiti.

Na huɗu: neman da na yi na dokar wannan na'ura.

Likita ta tambaye ni tazarar da ke tsakani da tsawon lokacin da aka ɗauka. Da na ce mita bakwai, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ita ba ta san doka ba, aikinta kunne ne, amma a saninta kowace na'ura irin wannan tana zuwa da littafi daga waɗanda suka ƙera ta, mai faɗin tazarar da ba a kunna ta ƙasa da haka. Wannan magana ce ta sa na fara yawo.

Na je markaz ranar Lahadi 23 ga wata. An karɓe ni da mutunci, an ba ni kujera. Jami'in ya ce in kawo lambar motar. Na ce masa ba wanda ya tsaya karanta lamba a ranar, wadda kuwa ta tsaya ba ta gani. Ya ce ba lamba ba zai iya buɗe takarda ba. Na tambaye shi ko akwai rubutaccen umarni kan na'urar. Ya ce wannan ba sashensu ba ne, bai kuma faɗa mini sashen wa ba ne.

Na je wurin wani dattijo mai rubuta wa mutane takardun koke a bakin kotu. Ya ce shekara talatin yana wannan sana'a, ya rubuta kan duka, ya rubuta kan mota ta buge mutum, ya rubuta kan bango ya faɗo, amma bai taɓa rubutawa kan ƙara ba, kuma bai san sashen dokar da zai jingina koken da shi ba. Ya ce idan sanda ce ta fasa mata kunne, da tuni ya gama rubutawa.

Kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, mutumin kirki ne, ya ba ni hutun kwana uku, ya kuma ba ni shawara in bar maganar, in gode Allah yarinya tana da rai. Na gode masa. Na yi kwanaki ina bin shawararsa, har na ji abin da zan faɗa a gaba.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, aji shida na yi a garinmu. Amma a gidan da nake gadi, ko tukunyar kashe gobara tana da takarda a jikinta mai faɗin wanda ya duba ta da ranar da aka duba. Lif ɗin hawa bene ma yana da adadin mutanen da ba a wucewa. Hankalina ya kasa ɗaukar cewa abin da zai iya kashe kunnen mutum daga mita bakwai ba shi da irin wannan takarda. Idan tana nan, a nuna mana. Idan an karya ta ranar nan, a sani. Idan kuwa babu ita, to wanda ke kan motar ma an bar shi ne da ra'ayinsa, shi da maɓalli.

Na biyar: abin da nake tsoro ranar Alhamis.

Labarin rabon farko ya bazu, har daga wasu unguwanni mata suna shirin zuwa, don haka taron zai fi wancan. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, filin yana da katanga ta gabas da ta kudu. Motar 'yan sanda ta yamma take shigowa. Hanya ɗaya ta rage wa mai gudu, ita ce arewa, kuma a can ne aka haƙa ramin harsashin sabon bene. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ƙarafan rodi suna tsaye a ciki. Abin da ya raba shi da filin shingen kwano ne. Wancan karon mata sun jingina da shi har ya lanƙwashe, falle biyu sun fita daga ƙusa. Jiya na je na duba, na tura shi da hannu ɗaya ya yi baya. Ba a gyara ba.

Na uku shi ne ya hana ni barci. Batulu ta ji a wurin suna ranar Juma'a cewa matan unguwa sun yi shawara a tsakaninsu. Kowace za ta jiƙa auduga da man zaitun ta cusa a kunne, ta ɗaure da ɗankwali a ƙarƙashin hijabi, don kada ƙarar ta kore ta daga layi. Hure ta tabbatar mini, ta ce har kantin maganin bakin titi audugarsa ta ƙare. Suna ganin dabara ce. Ranka ya daɗe, ka duba abin da zai biyo baya. Za a yi gargaɗi ta lasifika, ba za su ji ba. Za a kunna na'ura, ba za su motsa da wuri ba. Wanda ke kan motar zai ga ba mace ɗaya ce ta ƙi motsi ba, ɗari ne, kuma ba zai ga audugar ba kamar yadda bai ga idon 'yata ba. Zai ƙara ƙarfi ko ya matso kusa. Lokacin da ƙarar za ta ratsa audugar, gaba ɗaya za su juya arewa. Wadda ta faɗi ta yi ihu, na bayanta ba za su ji ta ba.

Na yi wa mazan layinmu magana bayan sallar isha'i. Wasu sun ce za su hana matansu, wasu sun ce naman nan shi ne na wata biyu a gidansu, ba za su iya cewa kada a je ba. Ban ga laifinsu ba.

Abin da nake roƙo.

Ba diyya na zo nema ba, ba kuma ina neman a kori kowa daga aikinsa ba. Ina roƙon Umda, da girman kujerarsa da sanin da hukuma ta yi masa, ya taimaka da waɗannan:

(a) Kafin Alhamis, a ɗage rabon ko a mayar da shi wani fili mai mafita fiye da ɗaya. Idan hakan ba zai yiwu ba, a sa mai ginin ya toshe bakin ramin da abin da zai iya tare mutane.

(b) A sanar da shugaban 'yan sandan da za su zo, a rubuce, maganar audugar nan, domin ya san rashin motsi ba lallai taurin kai ba ne. A kuma sa liman ya yi wa mata magana su bar ta. Amma ina ganin ba za su bari ba sai an ba su tabbacin ba za a kunna na'urar a kansu ba.

(c) A nemo mana daga inda ya dace, a rubuce, ƙa'idar amfani da wannan na'ura: mita nawa ne mafi kusa, daƙiƙa nawa ake barinta, gargaɗi nawa ake yi kafin a kunna da kuma harsunan da ake yinsa, wa ke ba da izini, kuma ko ana rubuta ranar da aka yi amfani da ita. Idan ana rubutawa, to lambar motar da aka ce in kawo tana cikin littafinsu.

(d) A sanya a cikin ƙa'idar, idan babu, cewa duk wanda aka ga ya tsaya shi kaɗai bayan taro ya watse, a kashe na'ura a taka a je wurinsa. Garin nan cike yake da makafi da kurame da tsofaffi da baƙin da ba su jin Larabci, kuma matanmu fuskarsu a rufe take.

(e) A ba ni takarda daga ofishinka zuwa babban asibiti, domin a duba yarinyar da wuri.

Na haɗa kwafin iƙamata, da takardar gwajin ji, da katin rabon nama, da zanen filin da na yi da hannuna tare da awonsa. Batulu da Hure a shirye suke su ba da shaida a gaban duk wanda Umda ya ce. Idan akwai kalmar da ta yi kaushi a takardar nan, daga ƙarancin karatuna ne da halin da nake ciki, ina neman gafara. Allah ya ƙara wa Umda girma da adalci, ya tsare wannan gari da mutanensa da baƙinsa.

Har zuwa yau da nake sa hannu, ban san ko akwai doka kan na'urar nan ba. Ban san wanda ya kunna ta ba, ban kuma san ko ya sami labarin cewa wadda ta tsaya a gabansa makauniya ce ba. Likita ta ce sai gwaji na biyu ranar 26 ga Muharram za a san ko kunnen dama zai tsaya inda yake ko zai bi na hagu. Shekaranjiya Amatullahi ta sa na matso da bakina kusa da kunnenta na dama, ta tambaye ni, in hannunta ya sake kuɓucewa a cikin taro, ta tsaya ne ko ta gudu. Wannan ma ban sani ba.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,

Abdulbaƙi Kabo
(mahaifin Amatullahi)
Ka'akiyya, 8 ga Muharram 1438